Darasin Yanayi A Makarantun Renon Yara: Littafi Na Zancen Ƙanƙara, Waje Ana Hazo

Duk wanda aikinsa ya sa shi zaga makarantun renon yara na biranen Arewa, watau waɗanda ake kira nasare ko rabin aji, da wuya ya rasa ganin wani babban hoto manne a bango wanda aka raba gida huɗu. A gida na farko furanni ne suke toho, a na biyu yara ne suke wasa a bakin teku, a na uku jajayen ganyaye ne suke kaɗewa, a na huɗu kuwa wani mutum-mutumi ne da aka gina da dusar ƙanƙara aka ɗora masa hula. Malama takan riƙa nunawa da tsinke, yara kuma su bi ta da ƙarfi suna maimaita sunayen lokutan shekara huɗu na ƙasar Ingila. Mai yiwuwa a daidai wannan lokaci hazo ya rufe gari har ba a hangen hasumiyar masallaci, leɓunan yaran sun tsattsage, ƙafafunsu sun yi kaushi, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa a jikin hoton.

Har wa yau akwai wata waƙar Turanci da ake yawan koya wa yaran, wadda a cikinta ake korar ruwan sama domin yara su sami damar wasa. Waƙar ta dace da ƙasar da aka yi ta, inda ruwa ba ya yankewa duk shekara. To amma a ƙasar da idan ruwa ya ɗauke mako biyu bayan shuka hankalin kowa yakan tashi, limamai su kira sallar roƙon ruwa, a fita fili har da ƙananan yara, lalle akwai abin dubawa idan aka ce yaro ya tafi makaranta da safe ya kori ruwa, da ya komo gida kuma ya tarar da mahaifinsa yana duban gabas yana addu'a. Abin da yaron zai fahimta, ko da ba a faɗa masa ba, shi ne karatun boko daban, zaman duniya daban. Wannan fahimta kuwa idan ta zauna a zuciyar ɗan shekara huɗu, tana da wuyar fita ko ya kai jami'a.

ABIN DA AKA KAFA MAKARANTUN DOMINSA

Mutumin da ya fara kafa irin waɗannan makarantu, wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel, ya raɗa wa tasa suna a shekarar 1840 da wata kalmar Jamusanci mai ma'anar lambun yara. A makarantun da suka bi tafarkinsa akan ba yaro ɗan fegi ya shuka abin da yake so, ya yi ban ruwa, ya lura da yadda rana da ruwa suke yi da shukarsa. Manufarsa ita ce yaro ya koyi abu da idonsa da hannunsa kafin a kai shi ga takarda.

Nijeriya ma ta amince da wannan ra'ayi a rubuce. Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka fitar a shekarar 1977 ta ware babi guda domin yara 'yan shekara uku zuwa biyar, ta kuma lissafa cewa ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema shi ne a cusa wa yaro son bincike ta hanyar lura da halittu da abubuwan da suke kewaye da shi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin abin da ake kira ilmi na tushe, abin da ya sa makarantun firamare na gwamnati da yawa suka buɗe ajin share fage.

Game da harshen koyarwa an yi ta kai da komowa. Manufar 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ya rinjaya a yankinsu. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa wannan har zuwa ƙarshen firamare, kana a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar komawa ga Turanci. Ko da wane harshe aka tsaya a kansa, sararin samaniyar da ke bisa makarantar bai sake ba. Yaron Gusau ko na Azare yana bukatar ya san hunturu da bazara, ko da Hausa aka gaya masa ko da Turanci, kuma kalmomin da ya zo da su daga gida su ne matakalar da zai taka ya kai ga na littafi.

LOKUTAN SHEKARA A ƘASAR HAUSA

Abin mamaki shi ne Bahaushe ma lokuta huɗu ya raba shekararsa, sai dai ba su yi daidai da na Turai ba. Akwai bazara, daga wajen Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake tsananta har ya wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, manoma suna sharar gona suna jiran ruwan shuka. Sai damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, wadda tsakiyarta ake kira marka, sa'ad da ruwa yakan wuni yana zuba a watan Agusta. Sai kaka, lokacin girbi da wadata, a Oktoba da Nuwamba. Sai kuma rani, wanda a farkonsa ake yin hunturu da ɗari da hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu. Harshen ya bambanta yayyafi da ruwa mai ƙarfi, ya bambanta cida da tsawa, ya bambanta raɓa da hazo, har ma ya bambanta ɗari, watau busasshen sanyin hunturu, da sanyi mai laima na damina. Yaro ɗan shekara huɗu ya riga ya ji yawancin waɗannan kalmomi a bakin kakarsa.

Ya kamata malami ya san musabbabin wannan juyi, ko da ba zai bayyana wa yara shi duka ba. Iska iri biyu ce take musayar mulki a Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da laima, ɗaya kuma tana gangarowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas a bushe. Iyakar da suke haɗuwa takan matsa arewa idan damina ta gabato, ta koma kudu idan kaka ta yi. Wannan ne ya sa ruwa yake sauka a Kaduna kafin Katsina, ya kuma ɗauke a Katsina kafin Kaduna. Shi ne kuma ya sa Kaduna takan sami sama da milimita 1,000 na ruwa a shekara, Sakkwato galibi ba ta kai 800 ba, Damagaram a Jamhuriyar Nijar kuwa ƙasa da 500. Ƙurar da take zama hazo, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Manyan hadarurrukan damina kuwa daga gabas suke tafiya zuwa yamma, shi ya sa manomi yake duban gabas, kuma masana na zamani sun tabbatar da abin da ya daɗe da sani.

YADDA ƘARAMIN YARO YAKE ƊAUKAR ABIN

Jean Piaget, wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi ta tambayar ƙananan yara game da rana da gajimare da iska, ya tattara amsoshinsu cikin wani littafi a shekarar 1926. Ya tarar da cewa da yawa daga cikinsu suna ɗaukar gajimare abu ne mai rai wanda ya san inda ya nufa, wasu kuma suna ganin rana da wata bin su suke yi idan suna tafiya. Ko da yake masu bincike na baya sun nuna cewa yara sun fi yadda ya zata fahimta, darasin da ke cikin aikinsa yana nan: yaro ba ya zuwa aji da kai fayau, yana da nasa bayanin, kuma haddace wata jimla ba ya kawar da shi. Abin da yake gyara tunanin yaro shi ne ya ga abu da kansa, ya sake gani, a kuma tambaye shi abin da ya gani.

Saboda haka darasin yanayi a wannan mataki ba ya bukatar dogon bayani. Minti biyar ya isa kowace safiya. Bayan an gama gaisuwa sai malama ta fito da yara tsakar makaranta, ta tambaye su: yau akwai gajimare ko babu? Ana hangen wancan dogon itace sosai ko ya dushe? Wa ya sa rigar sanyi? Da ƙasa ta jiƙe ko a bushe take? In an koma aji, sai yaro ɗaya ya zana alamar ranar a kan wani kwali da aka tsaga gida-gida, ko rana, ko gajimare, ko ɗigon ruwa, ko ɗige-ɗige na ƙura. Idan wata ya ƙare sai a ƙirga tare, a ga kwana nawa aka yi ruwa. Ta nan ƙidaya ta shigo, zane ya shigo, iya magana a gaban jama'a ma ya shigo, ba tare da an kira su darussa ba. Abu guda da za a hana shi ne duban ƙwayar rana, domin yana lalata ido.

KAYAN AIKI DA BA SA BUKATAR KASAFI

Shugabannin makarantu sukan kawo kukan rashin kayan aiki, kuma kukan yana da tushe. To amma wannan darasi yana daga cikin kaɗan da ba sa jiran kwangila. Gwangwanin madara wanda aka yanke bakinsa, aka ajiye shi a fili nesa da indararo, ya isa ma'aunin ruwan sama. Kowace safiya bayan ruwa sai a tsoma kara a ciki, a yanke shi daidai inda ya jiƙe, a manna a bango kusa da na jiya. Kafin a tafi hutu yara za su ga da idonsu wace rana ce ta fi ruwa. Ga malami kuwa, yana da kyau ya san cewa milimita ɗaya a ma'auni daidai yake da lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa.

Tsumma da aka ɗaura a kan dogon gora yana nuna inda iska take fitowa. Idan aka sa dutse a wajen da tsumman yake karkata a watan Yuli, aka sake dubawa a Janairu, za a tarar ya juya baya, kuma wannan shi ne musayar iskokin nan biyu a gaban idon yaro. Ƙyalle biyu da aka jiƙa, aka shanya ɗaya a rana ɗaya a inuwa, suna buɗe tambayar inda ruwan ya tafi. Yaran da suka ga wankin uwarsu yana bushewa nan da nan da hunturu, amma ya kwana da laima a marka, suna da abin faɗa a nan. Murfin tukunya da aka ɗaga, ɗigon ruwa yana tsiyaya daga cikinsa, shi ne misali mafi kusa na yadda tururi yake komawa ruwa, muddin malama ce take riƙe da shi, yara suna nesa da wuta. Kwalbar ruwan sanyi takan yi gumi sharkaf da damina, amma da hunturu da ƙyar take yi, domin iskar ba ta da laimar da za ta sauke a jikinta.

Sanda da aka kafa a tsakar makaranta tana koyar da tafiyar inuwa, doguwa da safe, gajera da tsakar rana, kamar yadda magabata suke gane shigar Azahar tun ba a san agogo ba. A Kano da garuruwan da suke daura da ita, rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, har inuwar sandar ta kusa ɓacewa. Itatuwa da tsuntsaye ma malamai ne. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a cikin gari. Shinge yakan fito bayan ruwan farko, kwaɗi kuma su cika dare da kuka. Kuka takan zubar da ganye da rani, alhali gawo shi da damina yake zubar da nasa, ya yi kore shar sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Aji guda yana iya ɗaukar itace ɗaya ya zama nasa, a riƙa ziyartarsa kowane wata ana zana shi.

AKWAI RAI A CIKIN LAMARIN

Wani zai ce duk wannan wasa ne, kuma iyaye sun biya kuɗi ne domin yaro ya iya karatu da rubutu. Amsa ita ce kowane lokaci na shekara yana zuwa da irin haɗarinsa, kuma ƙananan yara ne suka fi shan wuya. Cutar sanƙarau da rani da bazara take yaɗuwa, lokacin ƙura da zafi da cunkoso a ɗaki. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Zazzaɓin cizon sauro da damina yake ƙaruwa, shi ya sa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin ruwa a ƙasashen Sahel. Da hunturu kuwa gobara takan yawaita saboda jin ɗumi da garwashin da ake bari a ɗaki. Ambaliya ma ba baƙuwa ba ce: ta 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri.

Ba a cewa ɗan shekara biyar zai hana annoba ko ambaliya, kuma bai kamata a tsorata shi da labarinsu ba. Amma yana iya riƙe ƙa'idodi kaɗan idan an haɗa masa su da abin da yake gani. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a shiga ɗaki, kada a fake a gindin itace. Idan kwata ta cika ko kududdufi ya tumbatsa, kada a sa ƙafa. Da bazara a yawaita shan ruwa, a yi wasa a inuwa. Da damina a kwana cikin gidan sauro. Da hunturu a rufe ƙirji, a nisanci murhu. Yaran da suka ɗan tasa suna jin daɗin ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa daga cikin aji, domin haske ya fi sauti sauri, kuma kowace daƙiƙa uku tana nufin nisan kimanin kilomita ɗaya. Yaron da yake ƙirga yakan manta da kuka. Sau da yawa kuma abin da ya koya yakan kai shi gida ya faɗa wa ƙannensa.

TSAKANIN HASASHE DA IMANI

Akwai tambayar da ba makawa yaro zai yi, watau wa yake kawo ruwa. A gida an gaya masa Allah ne, kuma babu dalilin da zai sa makaranta ta rikita shi. Malama tana iya nuna masa cewa iska da gajimare su ne hanyar da ruwan yake biyowa, kamar yadda shuka da noma suke hanyar samun abinci. Lura da sararin samaniya tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa. Malamai da manoma sun daɗe suna lissafin taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da guda mai 14, suna sanin lokacin shuka da na marka da sunaye irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha.

Wannan batu yana da muhimmanci domin gobe. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowane yanki. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan farin da ya addabi ƙasashen Sahel, tana yi wa yankin irin wannan aiki. Amfanin hasashe yana ga wanda ya san mene ne shi. Har yanzu akwai masu ɗaukarsa duba ko shiga gaibu, akwai kuma masu watsi da shi duka idan ya kuskure sau ɗaya. Yaron da aka saba tambayarsa da safe ko yana jin za a yi ruwa yau, da abin da ya gani har ya faɗi haka, kana aka duba tare washegari, zai tashi da sanin cewa hasashe kirdado ne bisa alamu, yana dacewa sau da yawa, yana kuma iya saɓawa. Irin wannan yaro ne gobe zai zama manomi, ko malamin gona, ko jami'in da zai yanke shawarar kwashe mutane daga bakin kogi.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA DA IYAYE

Nauyi na farko yana kan kwalejojin ilmi, waɗanda da yawansu suke da sashen horar da malaman ƙananan yara. Ɗalibin da zai fita da takardar shaidar malanta ya kamata ya taɓa auna ruwan sama da hannunsa, ya kuma iya bayyana dalilin hazo da kalmomin da ɗan yaro zai gane. Na biyu yana kan hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi da masu buga littattafai. Hoton bango mai nuna bazara da damina da kaka da hunturu, da shamuwa da dami da rumbu a ciki, ba ya fin wanda ake sayowa yanzu tsada, kuma akwai masu zane a kowace jiha da za su iya yin sa. Hoton ƙanƙara ba sai an yar da shi ba. Idan yaro ya san nasa, sai a nuna masa cewa akwai ƙasashen da nasu ya bambanta, ta nan kuma labarin ƙasa ya fara.

Na uku yana kan sufetocin makarantu, waɗanda ya kamata su daina ɗaukar ajin da ya fita tsakar gida a matsayin ajin da ba a aiki. Ranar 23 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Yanayi ta Duniya, kuma ta faɗo daidai shigowar bazara. Makarantun da suke kusa da tashar auna yanayi, kamar waɗanda ke filayen jiragen sama, suna iya neman jami'i ya kawo ma'auninsa ya nuna wa yara. Iyaye kuwa, musamman ma'aikata da suke zaune a birni nesa da gona, ba abin da ake nema gare su illa su saurari yaro idan ya zo da labarin gajimaren da ya gani, su kuma bar shi ya zauna da kakanninsa idan an je gida hutu.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suke rabin aji a yau su ne za su riƙe gonaki da madatsun ruwa da ofisoshin ƙasar nan nan da shekara talatin, a zamanin da masana suka tabbatar zafi yana ƙaruwa, ruwan sama kuma yana ƙara rikicewa. Ya kamata tun yanzu a saba musu da ɗaga kai su dubi sama, su faɗi abin da suka gani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma raya zuriya.